Faci uku a rana ɗaya a hanyar Gembu: laifin tib ne, ko na mai faci, ko nawa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekaranjiya na dawo daga Mambila, kuma akwai abin da ya same ni a hanya wanda nake so masu sani su warware mini kafin in sake ɗaura kaya. Na tashi daga Kano a kan Bajaj Boxer ɗina, na bi ta Birnin Kudu da Ningi na kwana a Bauchi, washegari na wuce Gombe da Kaltungo da Numan na sauka a Jalingo, kuma a duk tsawon wannan tafiya taya ba ta ba ni wahala ko sau ɗaya ba. A rana ta uku, wadda na yi niyyar isa Gembu kafin magariba, tayar baya ta yi faci har sau uku.

Na farkon ya faru ne bayan na wuce Garba Chede kaɗan. Na tura babur ɗin zuwa wurin wani mai faci, ya zaro tib ɗin ta gefe ba tare da ya kwance wili ba, ya tsoma shi a ruwa har ya ga inda yake kumfa, ya goge wurin ya shafa gam ya liƙa faci, sannan ya zare wata 'yar ƙusa daga jikin tayar ya nuna mini, ya ce ita ce ta yi ɓarnar. Na biyun ya same ni tsakanin Bali da Serti, inda ba gida gaba ba gida baya. Rana ta take, ga kaya niƙi-niƙi, saboda haka na hau na ci gaba a hankali da tayar a kwance har na isa wani ƙauye, kuma ko da aka buɗe sai aka tarar bawul ɗin, wato bakin da ake ba tib iska ta cikinsa, ya tsinke daga jikin tib ɗin gaba ɗaya. Na sayi sabon tib a wani shago, wani yaro ya saka mini shi da sukudireba biyu. Na ukun ya zo ne dab da Mayo Selbe, a gindin hawan dutsen Mambila, rana tana shirin faɗuwa, dole na kwana a nan. Da safe wani dattijo ya yi mini facin wuta mai kauri, kuma da shi na hau har Nguroje da Gembu, na kuma dawo Kano.

Tambayata ita ce, ina aka kuskure? Tib ɗin ne marar kyau, ko masu facin ne ba su yi aiki da kyau ba, ko kuwa ni ne na jawo wa kaina? Kuma me ya kamata mutum ya riƙe a jaka idan zai yi irin wannan tafiya?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa, ɗana, Allah Ya kiyaye gaba. Tun da ka nemi a faɗa maka gaskiya, tsinkewar bawul ɗin nan aikinka ne, ba na kowa ba. Iska ce take matse taya a jikin rim, wato ƙarfen wilin da taya take zaune a kansa, idan babu ita tayar takan riƙa zamewa tana jan tib ɗin tare da ita, shi kuwa bawul yana maƙale a raminsa ba zai bi su ba, sai ya yage daga tushe. Tib ɗin da ya huje ana iya liƙe shi, amma wanda bawul ɗinsa ya tsinke ya tashi daga aiki. Ka ma yi sa'a da gefen tayar bai tsage ba, rim ɗin kuma bai lanƙwashe ba.

Wani abin da nake so matasan da ke karanta wannan su riƙe shi ne yadda ake tsayawa. Idan kana gudu ka ji bayan babur yana lilo, ko kan babur ya yi maka nauyi, kada ka damƙi birki. Ka riƙe kan da ƙarfi, ka saki totur a hankali, ka bar babur ɗin ya rage gudu da kansa, sai ya kusa tsayawa sannan ka taɓa birkin ƙafar da take da lafiya, ka gangara gefe nesa da kwalta, musamman idan kusa da kwana ne. Facin gaba ya fi na baya haɗari nesa ba kusa ba, domin da ƙafar gaba ake sarrafa babur.

Ɗan Sabon Gari:
Yaya Baban Ummi, da girmamawa nake cewa duk wannan wahala ta samo asali ne daga riƙe tsohon yayi. Ni TVS nake hawa mai wilin alminiyam da taya marar tib, wadda ake kira tubles, kuma na je Sakkwato na dawo da ƙusa a cikin tayata ban sani ba sai da na zo wanke babur. Tib tamkar balan-balan yake, da zarar an huda shi iskar ta fice ta ramukan wayoyin wili a lokaci ɗaya, amma a tubles robar tayar ce take kama ƙusar ta riƙe, iskar tana fita kaɗan-kaɗan. Idan kuma za a gyara, ba a kwance komai. Za ka zare ƙusar da filaya, ka share ramin da ƙarfen da ake sayarwa tare da igiyar facin, ka cusa igiyar mai danƙo, ka yanke abin da ya yi saura, ka ba ta iska ka kama hanya. Shawarata ita ce ka sauya wili biyun ka huta.

Mai Faci:
Sallama gare ku baki ɗaya. Ni wannan ita ce sana'ata tun ina yaro a gaban maigidana, saboda haka ku yi mini haƙuri idan na tsawaita. Alhaji Baban Ummi, ba zan kare abokan sana'ata a kan abin da ban gani ba, amma labarinka yana da wani gurbi da ya tsaya mini a rai. Ruwa ba ya tsami banza. Babur ɗin da ya yi kwana biyu yana tafiya lafiya, sannan a rana guda taya ɗaya ta huje sau uku, har da sabon tib, ba ƙusa uku ya taka ba. Abu ɗaya ne yake cikin wilin yana huda duk tib ɗin da aka saka.

Ƙusar da aka nuna maka ba hujja ba ce. Sau da yawa mukan zare guntun ƙarfe daga tudun taya mu tarar bai ma ratsa zuwa ciki ba. Abin da yake faɗin gaskiya shi ne inda hujin yake a jikin tib. Idan yana bayan tib, wato ɓangaren da yake fuskantar hanya, to abu ne ya shigo daga waje, kuma wajibi ne a shafa cikin tayar da tsumma a hankali har a gano shi, domin siririyar waya ko tsinin ƙaya sukan karye su zauna a ciki. Idan ramuka biyu ne a jere a gefe, to rim ne ya datse tib ɗin lokacin da aka faɗa rami da ƙarancin iska. Idan 'yar tsaga ce a gefe guda, liba ce, wato ƙarfen buɗe taya, ko sukudireba ta cije shi wajen sakawa. Idan kuwa hujin yana cikin tib ne, ɓangaren da yake kwance a kan rim, to sai a tuhumi kan wayar wili, ko tsatsa, ko robar da take rufe kawunan wayoyin.

Laifin da zan amsa a madadin 'yan sana'armu shi ne gaggawa. Zaro tib ta gefe ba tare da kwance wili ba yana da sauri, kuma matafiyi da kansa yakan tsaya a kanmu yana cewa a hanzarta, amma ta haka ba a ganin cikin rim sosai. Ina roƙonka ka duba mini abu biyu. Shin tsohon tib ɗin yana nan? Kuma shin an taɓa wilin bayan nan kafin ka bar Jalingo?

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga manya da ƙanana. Ina so in amsa wa ƙanena Ɗan Sabon Gari, domin maganarsa gaskiya ce amma ta kwalta ce. Mu da muke bin hanyar Tanut zuwa Agadas da moto, wato babur, kuma muke sauka daga babbar hanya mu shiga ƙauyuka, abin da yake damunmu ƙayar aduwa ce da ta farar ƙaya, da duwatsu, da ramukan da yashi ya rufe. Wilin waya idan ya bugi dutse yakan lanƙwashe kaɗan, a daddaka shi ya koma, tib ɗin kuma yana riƙe da iskarsa ko da bakin rim ɗin bai daidaita ba. Wilin alminiyam idan ya lotsa iska ta riƙa zurara ta gefe ke nan, idan kuma ya tsage babu mai gyara maka shi a daji. Bayan haka, tayar tubles idan ta saki bakin rim, famfon hannu ba ya iya mayar da ita sai an sami injin iska mai ƙarfi, alhali tib ko da famfon keke za ka cika shi idan kana da haƙuri.

Saboda haka ko masu tubles a cikinmu sukan ɗauki tib guda a jaka. Idan gefen taya ya yage, inda igiyar faci ba ta da amfani, sai a cire bawul ɗin rim a saka tib a ciki, a shimfiɗa guntun tsohuwar taya a kan yagewar daga ciki, a lallaɓa zuwa gari.

Ɗan Sabon Gari:
Na karɓi gyara a kan gefen taya, Yaya, domin igiyar faci ta tudun taya ce kawai, kuma ko a can ma ta wucin gadi ce har a sami wanda zai liƙe ramin daga ciki. Sai dai ban janye maganata a kan tsaro ba. Wanda ƙafar gabansa ta huje yana tsakiyar gudu zai fi son iskar da take fita a hankali a kan wadda take ficewa gaba ɗaya, kuma mafi yawan tafiyar Yaya Baban Ummi a kan kwalta ya yi ta.

Malamin Kimiyya:
Ina ganin an tsallake wani abu da ya shafi kowace irin taya, wato awon iska. Yawancinmu da yatsa muke gwadawa ko mu buga da ƙafa, alhali tayar babur tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ba tare da ido ya gane ba. A irin waɗannan ƙananan babura na Bajaj, abin da aka saba rubutawa shi ne 25 a gaba, 28 a baya idan mutum shi kaɗai ne, 32 idan da goyo ko kaya, a ma'aunin psi da yake jikin gejin masu faci. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke awo da ma'aunin bar su lura cewa bar 2 ya yi daidai da kusan psi 29. Kowa dai ya duba littafin babur ɗinsa, kuma a yi awon da safe kafin taya ta ɗauki zafi, domin zafi yana ɗaga lambar, wanda kuma ya rage iska a lokacin zai wayi gari da taya a ƙasa da ƙa'ida.

Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne, tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi yana haifar da zafi, tib yana gogar cikin taya, facin gam kuma ba ya jure zafi kamar facin wuta, wanda robarsa take narkewa ta haɗe da ta tib ɗin. Sannan a duba shekarun tayar. A gefenta akwai lambobi huɗu da suke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2322 yana nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta daɗe a ajiye takan bushe ta yi tsattsage ko da zanenta bai cinye ba.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Malam, ka taɓo ni, domin ban taɓa mallakar geji ba, kuma na tuna cewa bayan facin farko ni da kaina na ce a rage iskar saboda babur ɗin yana dukan ƙugu a ramuka. Oga Mai Faci, tsohon tib ɗin yana nan, na ajiye shi ne don in yanka robar ɗaure kaya, kuma zan duba shi idan na koma gida da yamma. Kafin nan ina da tambaya ga Baba Tsohon Direba. A ƙauyen da na tsaya wani ya ce da na cusa ciyawa a cikin tayar da ban yi asarar tib ba. Shin wannan dabara tana aiki, ko zance ne kawai?

Tsohon Direba:
Tana aiki, ɗana, amma ta wanda ya rasa yadda zai yi ce. Za ka buɗe gefe ɗaya na tayar, ka cire tib ɗin ka adana shi, ka cusa busasshiyar ciyawa ko tsummoki ka danna su da ƙarfi har tayar ta ɗan tashi, sannan ka tafi da gudun da bai wuce na mai keke ba. Ba a daɗewa ciyawar take niƙewa ta kwanta, sai ka sake tsayawa ka ƙara. Amfaninta kawai ta raba rim da ƙasa har ka isa inda mutane suke. Ka lura kuma cewa wanda zai iya buɗe taya ya cusa ciyawa, da yana da tib a jaka da famfo ai da tib ɗin zai saka.

Wannan ne ya kawo ni ga tambayarka ta kayan da za a riƙe. Tib sabo guda biyu, domin ƙafafun Boxer duka inci 17 ne amma na baya ya fi faɗi, liba uku na taya na gaskiya, famfon hannu ko na ƙafa wanda ka gwada shi a gida, geji, sifanun da suka dace da notin aksil ɗinka (sandar ƙarfen da wili yake juyawa a kanta), filaya, abin kwance fil ɗin bawul, gam da faci da sanfefa, da tocila. A bakin hanya tib ake sauyawa, facin kuma a bari sai an sauka masauki, inda za a goge wurin da kyau, a bar gam ɗin ya sha iska har ya daina kama yatsa kafin a liƙa.

Amma duk waɗannan kaya nauyi ne kawai ga wanda bai taɓa kwance wilin baya da hannunsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi wata Asabar, ka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a tsakar gida, ka kwance notin sandar birki da ƙarfen da yake riƙe farantin birkin, ka zare aksil, ka jera kowane ƙarfe a kan tsumma bisa yadda ya fito, musamman ɗan bututun da yake tsakanin wili da ƙafar babur, wanda idan ya faɗa cikin yashi sai an yi da gaske. Ka cire taya ka mayar sau biyu ko uku da kayan da za ka tafi da su kaɗai. A nan ne za ka gano cewa akwai notin da sifanarka ba ta kamawa.

Mai Faci:
Baba ya gama magana, sai dai in ƙara abin da hannu ya koya mini game da saka tib, tun da a nan ne sababbin hannu suke huda sabon tib kafin ya taɓa ƙasa. Kada a saka shi a lanƙwashe. A ba shi iska kaɗan har ya yi siffarsa, a shafa masa hoda idan akwai, a fara zura bawul a raminsa a ɗaura notinsa sako-sako. A shafa ruwan sabulu a bakin taya. Sirrin aikin duka shi ne, ɓangaren da yake nesa da inda kake aiki ka danna shi da gwiwa ya faɗa cikin kwarin tsakiyar rim, ta haka ne bakin tayar yake samun sarari. Idan ka ji kana kokawa da liba, to wancan gefen ne ya fito daga kwarin, ƙarfi ba zai yi maka magani ba. A riƙa ɗibar bakin tayar kaɗan-kaɗan, kuma kada a zura liba da zurfi ko a kifar da ita har ta kwanta. Sukudireba kuwa ba kayan taya ba ne ko kaɗan.

Bayan an cika iska, a duba siririn layin da yake zagaye gefen taya a ga ya yi daidai da bakin rim ko'ina, a tofa yawu a bakin bawul a ga ko yana kumfa. Notin bawul kuma kada a ɗaure shi tam a jikin rim, domin idan yana sako-sako za ka ga bawul ɗin ya karkace idan taya ta fara zamewa, ka gyara kafin ya yage.

Baban Ummi:
Oga Mai Faci, Allah Ya ƙara basira. Na ɗauko tsohon tib ɗin, kuma facin Garba Chede yana ɓangaren ciki ne, wanda yake kwance a kan rim, kimanin taƙi ɗaya daga inda bawul ya tsinke, sannan a tsakiyar facin kansa akwai wani sabon huji ƙarami. Ban tsaya nan ba, na bi shawarar Baba na kwance wilin a tsakar gida, abin da ya ci mini fiye da awa biyu da fatar yatsa ɗaya. Facin wutar da dattijon Mayo Selbe ya yi a sabon tib ɗin yana daidai wannan wuri, taƙi ɗaya daga bawul, ta ciki. Da na ɗaga robar rim sai na ga ta huje, kan wata waya ya ɓullo ta cikin notinta da tsini kamar na allura.

Sai a lokacin tambayarka ta biyu ta dawo mini. Daren da na sauka a Jalingo na lura wilin baya yana ɗan rawa, na kai wa wani makanike ya ɗaure mini wayoyin, kuma ya yi aikin ne da tayar a jiki. Na wanke yaron mai sukudireba, wanda na yi ta zargi a zuciyata tun daga Serti. Yanzu me zan yi da wannan waya, kuma tib ɗin da yake ciki zai ci gaba da aiki?

Mai Faci:
Alhamdu lillahi, Alhaji. Idan aka ɗaure wayar da ta saki sosai, ƙarshenta yakan wuce kan notin ya leƙo ciki, shi ya sa aka fi so a cire taya kafin a yi wannan aiki. Kaurin facin dattijon nan ne ya zama matashi tsakanin tsinin da iska har ka dawo gida, amma ka duba shi da kyau za ka ga ya fara cinyewa. Ka sa a goge kan wayar da zarto har ya yi daidai da notin, ka bi sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ka kankare tsatsa idan akwai, ka saka sabuwar robar rim, idan ba ka samu ba ka yanko daga tsohon tib ɗin nan ka huda wurin bawul. Ka saka sabon tib, mai facin wutar kuma ka naɗe shi cikin tsumma ya zauna a jaka a matsayin na ko-ta-kwana. Tun da wilin yana ƙasa, ka duba robobin da suke cikin cibiyarsa da takalman birki kafin ka mayar.